Mene ne microRNA, kuma me ya haɗa shi da cutar mantuwa?

Tun da aka ba Victor Ambros da Gary Ruvkun kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2024 saboda gano microRNA, sunansa ya fara yawo a labarai, musamman idan ana maganar cutar mantuwa, wadda likitoci ke kira dimenshiya.

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da DNA, inda aka rubuta yadda ake haɗa dubban furotin. Idan ana buƙatar wani furotin, sai a kwafi umarninsa a kan wani zare da ake kira RNA ɗan aike, shi kuma ya kai saƙon inda ake haɗawa. MicroRNA ɗan guntun zaren RNA ne, tsawonsa kusan haruffan gado 22 kacal, kuma ba a haɗa furotin ko ɗaya da shi. Aikinsa ya manne wa ɗan aiken, daga nan sai a ƙi karanta saƙon ko a farfasa shi. Linzami ne ke nan: ba ya hana tafiya gaba ɗaya, amma shi ke ƙayyade saurinta. Guda ɗaya kan riƙe saƙonni ɗaruruwa, kuma a nan muhimmancinsa yake.

A 1993 aka gano na farko, mai suna lin-4, a jikin wata 'yar tsutsa da tsawonta bai wuce milimita ɗaya ba. Masana da yawa sun ɗauka abin na tsutsar ne kawai, sai a 2000 da aka gano na biyu, mai suna let-7, aka kuma same shi har a jikin ɗan Adam. Yanzu an san fiye da dubu ɗaya a jikinmu.

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna matuƙar buƙatar wannan awo. Yawancinsu ba sa hayayyafa, wadda aka haifi mutum da ita ce za ta yi masa aiki har tsufa, don haka ƙaramin kuskure a yawan wani furotin, in ya ɗore shekara da shekaru, sai ya zama babbar ɓarna. An gwada a ɓeraye: da aka cire Dicer, sinadarin da ke yanka microRNA ya kai girman aikinsa, daga wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, sai ƙwayoyin suka riƙa lalacewa sannu a hankali har suka mutu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 57 ne ke fama da cutar mantuwa a 2021, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari cutar Alzheimer ce. A ƙwaƙwalwar mai wannan cuta ana samun abubuwa biyu: dunƙulen furotin amiloyid da ke taruwa a tsakanin ƙwayoyi, da furotin tau da ke cukurkuɗewa a cikinsu. Amiloyid yana fitowa ne idan wani sinadari mai suna BACE1 ya yanka wani babban furotin. A 2008 masu bincike a Leuven ta ƙasar Beljiyam suka ga cewa wani microRNA mai suna miR-29, wanda ke danne BACE1, ya ragu a ƙwaƙwalwar wasu marasa lafiyar, kuma a wajensu ne BACE1 ya yi yawa. Mai dannewa ya ragu, mai yanka ya samu sake, amiloyid ya ƙaru.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne miR-132. Bincike daban-daban sun yi ta samun sa a raguwa a ƙwaƙwalwar masu Alzheimer. Aikinsa ya shafi girman rassan ƙwayoyi da mahaɗar da suke isar da saƙo ga juna, ya kuma shafi tau. Ɓerayen da aka raba da shi sun tara gurɓataccen tau, tunawarsu ta yi rauni, kuma da aka mayar da shi ga ɓerayen da ke da alamun cutar, sai aka ga sauƙi. Wannan ya nuna yadda rashin abu ɗaya zai iya buɗe ƙofofin ɓarna da yawa a lokaci guda.

Wasu kuma ƙaruwa suke yi, kamar miR-146a da miR-155, masu alaƙa da kumburin da ƙwayoyin garkuwar ƙwaƙwalwa ke haddasawa. A 2012 masu bincike a Jamus suka nuna cewa let-7b, idan ya tsiyayo waje daga ƙwayar da ta mutu, yana iya tayar da wata kafar garkuwa a ƙwayoyin da ke kusa har su ma su mutu.

Iyalan da ke jinyar tsohon da ya daina gane 'ya'yansa sun cancanci a faɗa musu gaskiya: har yau babu maganin mantuwa da aka amince da shi wanda ke aiki ta hanyar microRNA. Ƙarfinsa shi ne wahalarsa, domin idan ka taɓa guda, ka taɓa ɗaruruwan saƙonni, har da waɗanda ba ka nufa ba. A 2016 aka dakatar da gwajin MRX34, maganin ciwon daji da aka gina a kan miR-34, saboda mummunan martanin garkuwar jiki ga wasu marasa lafiya. Ga kuma shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, wanda ke hana yawancin magunguna shiga.

Ta ɓangaren gano cuta ma ana aiki sosai. MicroRNA yana yawo a jini da ruwan laka, a lulluɓe cikin ƙananan jakunkuna ko a manne da furotin, don haka ba ya saurin lalacewa. Tun da sauye-sauyen Alzheimer kan fara a ƙwaƙwalwa shekaru goma zuwa ashirin kafin mantuwa ta bayyana, masu bincike suna neman tarin microRNA da za a auna a jini ya nuna cutar tun ƙwayoyin da za a ceta suna da rai.