Matsalolin fitilun tirelar babur mai ƙafa uku: musabbabi da hanyar gano su

Tirelar babur mai ƙafa uku ƙaramin akwatin kaya ne mai taya da ake maƙalawa a bayan babur ana ja. Da yake tana rufe fitilun bayan babur ɗin, dole ta ɗauki nata: fitilar baya da ke ci da dare, fitilar birki, siginar hagu da ta dama, da ƙaramar fitilar lamba. Dukkansu daga batirin babur mai volt 12 suke shan wuta, ta soket guda da ke kusa da mahaɗar ja. Manyan babura irin su Can-Am Spyder da ya fito a 2007, da Harley-Davidson Tri Glide na 2009, da Honda Gold Wing da aka mayar mai ƙafa uku, su ne aka fi gani da irin wannan tirela. Yawancin matsalolin fitilunta ba daga ƙwan fitila suke ba. Suna ɓuya ne a hanyar da wuta ke bi ta koma batir, ko a bakin soket.

Tsarin wayarin

Akwai tsari biyu da suka fi yaɗuwa, kuma rashin bambance su kaɗai ya isa ya jawo matsala. A tsarin Amurka mai waya huɗu, fara ita ce wayar komawa, ruwan ƙasa ta fitilar baya ce, rawaya tana ɗauke da siginar hagu haɗe da birki, koriya kuma siginar dama haɗe da birki. Ke nan zare ɗaya a cikin ƙwan shi ke yin aikin birki da na sigina. A tsarin Turai mai fil bakwai (fil su ne 'yan ƙarafan cikin soket da kowace waya ke haɗuwa da su), wanda ƙa'idar ISO 1724 ta tsara, kowane aiki da wayarsa: fil na 1 siginar hagu, na 2 fitilar hazo, na 3 komawa, na 4 siginar dama, na 5 fitilar baya ta dama, na 6 birki, na 7 fitilar baya ta hagu.

Babura da yawa suna raba birki da sigina, don haka waya biyar suke fitarwa. Idan tirela mai waya huɗu ce, sai an sa ƙaramin akwatin da ke haɗa saƙon birki da na sigina a tsakani. Wanda ya haɗa su kai tsaye zai ga birki yana kunna siginonin babur duka, ko sigina tana kunna fitilar birki. Launin waya ma ba abin dogaro ba ne a tirelar da ta bi ta hannu da yawa. A gwada kowace waya kafin a yarda da launinta.

A fara raba babur da tirela

Matakin farko shi ne a zare soket, a gwada kowane ɓangare shi kaɗai. A ɓangaren babur, a buɗe makulli, a maƙala testa a fil ɗin komawa, sannan a taɓa sauran fil ɗin ɗaya bayan ɗaya yayin da wani ke matsa birki yana kunna sigina. A ɓangaren tirela, a ɗauko batir daban, a sa fis na amfiya 5 a kan wayar fozitif, a haɗa negatif da wayar komawa, a ba kowace waya wuta a ga fitilar da ta kama. Cikin 'yan mintuna za a san ɓangaren da ke da laifi.

Mitar awo ta dijital tana iya yaudarar mai gyara a nan. Wutar da take ja ba ta taka kara ta karya ba, saboda haka wayar da tsatsa ta cinye saura silin tagulla ɗaya za ta nuna volt 12 cif, amma da an ɗora mata ƙwai sai wutar ta faɗi. Testa mai ƙwai tana jan wuta ta gaske, ita ce ke tona asirin irin wannan waya. Sai dai a baburan da kwamfuta ke sarrafa fitilunsu, a tsaya kan wayoyin fitila kawai, kada a soka testa mai ƙwai a wayoyin saƙo. Lafiyayyen batir yana nuna kusan volt 12.6 idan inji a kashe yake, da 13.5 zuwa 14.5 idan yana aiki.

Wayar komawa

Nan ne gidan matsala. Ƙwan baya irin P21/5W yana da zare biyu, babba mai wat 21 na birki da ƙarami mai wat 5 na fitilar dare, kuma duka biyun gindi ɗaya suke komawa. Idan gindin ya rasa hanya zuwa negatif, wuta ba ta haƙura. Takan shiga ta babban zare, ta ratsa ƙaramin ta baya, ta bi wayar ruwan ƙasa zuwa sauran ƙwayayen, ta nemi mafita ta can. Daga nan alamomi masu ruɗarwa ke fitowa: a kunna siginar hagu, fitilar dama ta riƙa kyaftawa dishi-dishi, a matsa birki da dare, fitilar baya ta dushe ko ta mutu gaba ɗaya, fitilar lamba ta riƙa bin sigina. Duk lokacin da fitilar da ba a kira ta ba ta amsa, a fara zargin wayar komawa.

Masu ƙera wasu tireloli suna ɗaure farar wayar a jikin firam, su bar kowace fitila ta koma ta kusar da ta riƙe ta. Fenti da tsatsa suna katse wannan hanya. Mafi muni shi ne dogaro da ƙwallon mahaɗar ja: akwai giris a kansa, yana motsi, yana taɓawa yana saki a kan gargada, shi ya sa fitilu kan ci lafiya a tsaye su riƙa ƙiftawa a tafiya. Tireloli da yawa na babura kuma bodinsu na faiba ne ko roba, wanda wutar lantarki ba ta bi ta jikinsa sam, don haka kowace fitila tana buƙatar wayar komawa tata.

Gwajin mai sauƙi ne. A ɗauko doguwar waya, a maƙala kai ɗaya a negatif ɗin batir, a taɓa ɗaya kan a gindin ƙwan da ke wasa. Idan haske ya daidaita nan take, an kama ɓarawo. Mai son adadi sai ya sa mita a kan volt, ya auna tsakanin negatif ɗin batir da gindin ƙwan yayin da fitilar ke ci. Abin da ya haura volt 0.2 zuwa 0.3 yana nuna tangarɗa a hanyar komawa. Gyaran shi ne a kankare wurin ɗauri da samfefa har ƙarfe ya yi fari, a sa zoben waya da washa mai haƙori, a ɗaure tam, a shafe da giris. Wanda ya fi wannan ɗorewa shi ne a ja waya daga kowace fitila har cikin soket, daga soket har negatif ɗin batir, a cire firam daga lissafi.

Kaurin waya yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Ƙwan birki biyu da na baya biyu sun kai wat 52, wajen amfiya 4.3 ke nan. Wayar tagulla mai faɗin milimita murabba'i 1, idan tsawonta zuwa da dawowa mita 10 ne, tana cinye kusan volt 0.75 a wannan nauyi, mai 0.5 tana cinye ninki biyu. Da yake wayar komawa ce ke ɗaukar wutar dukkan fitilun lokaci guda, ya dace ta fi sauran kauri, kamar 1.5 zuwa 2.5.

Fis da ke yawan ƙonewa

Fis da ya ƙone da zarar an jona tirela yana nufin wata waya ta yi shot da firam, wato tagullarta ta taɓa ƙarfensa. Wanda ke ƙonewa sai an yi tafiya, ko sai an sha kwana, yana nufin rigar waya ta goge a wani gefe mai kaifi. Wuraren dubawa su ne inda waya ke shiga bututun sandar ja ba tare da zoben roba ba, da inda ta ratsa kusa da salansa, da ƙarƙashin maƙalan da aka ɗaure da ƙarfi. Babur mai ƙafa uku ba ya kwantawa a kwana, da sitiyari yake juyawa, kuma da yawansu suna da ribas. Idan tirela ta naɗe lokacin ja da baya, gajeriyar waya takan tsinke daga ciki rigarta na nan kalau. A bar mata rara daidai juyawa, amma ba har ta ja ƙasa ba.

Maimakon a yi ta ƙona fis ana nema, a jona ƙwai mai wat 21 a gurbin fis ɗin, a cire ƙwayayen tirela. Muddin shot ɗin yana nan, ƙwan zai ci da ƙarfi. A bi wayar ana lanƙwasawa ana girgizawa. Inda hasken ya mutu, nan ne wurin. Sa fis da ya fi na asali girma kuwa mayar da wayar babur fis ne, ita za ta narke.

Wani lokaci babu shot ko kaɗan, nauyi ne ya yi yawa. Wayoyin fitilun babur sirara ne, an auna su daidai ƙwayayensa. Maganin shi ne akwatin rile mai keɓewa: yana karɓar saƙo kawai daga wayoyin babur, ya ɗebo wutar tirela kai tsaye daga batir ta fis nasa, wanda ake sawa dab da batir. Wannan ya zama tilas a baburan da ke amfani da tsarin CAN, hanyar da kwamfutocin abin hawa ke musayar saƙo, wanda kamfanin Bosch ya fito da shi a 1986. A irinsu kwamfuta ce ke auna wutar kowace fitila. Idan ta ga ƙari sai ta yanke layin ta nuna alamar kuskure, sau da yawa sai an kashe makulli an sake buɗewa layin ke dawowa. A wasu ma waya ɗaya ce ke ɗauke da fitilar baya da birki, kwamfuta tana datse wutar da sauri don rage haske, abin da ke rikita akwatin haɗi na gama-gari. Sai an nemi wanda aka yi don wannan babur.

Sigina da ƙwayayen LED

Ƙa'ida ita ce sigina ta kyafta sau 60 zuwa 120 a minti. Filasha ita ce na'urar da ke sa sigina kyaftawa, kuma da yawansu suna ƙara sauri da gangan idan nauyi ya ragu, don sanar da direba ƙwai ya mutu. LED ba ya shan wuta sosai, saboda haka filasha takan ɗauka ƙwai ya ƙone. Ana magance shi da filashar da ba ta damu da nauyi ba, ko da resista mai om 6 da wat 50 a kowane gefe, wadda ke jan wuta kamar ƙwai na asali. Resistar tana zafi ƙwarai, a ɗaure ta a jikin ƙarfe nesa da roba. LED kuma yana da gaba da baya: idan aka juya wayoyinsa ba zai ci ba, alhali lafiyarsa lau. Kuma da yake ɗan abu kaɗan ke kunna shi, laima a cikin soket ta isa ta sa ya riƙa haske dishi-dishi a kashe.

Akwai kuskuren da ke kama da matsalar waya alhali na ƙwai ne. Ƙwai mai zare biyu ƙusoshin gindinsa ba a layi ɗaya suke ba, don kada ya shiga a juye. Idan aka tura shi da ƙarfi a juye, fitilar baya za ta yi hasken birki, birki kuma ya dushe. Idan aka cusa mai zare ɗaya a gurbinsa, gindinsa yakan haɗe layin birki da na fitilar baya, har fitilun allon mita su kama duk sanda aka matsa birki.

Soket da mahaɗan waya

Soket yana zaune a inda taya ke watso ruwa da laka. Koren tsatsa a kan fil yana fita da ɗan burushin tagulla da ruwan wanke mahaɗan wuta. Bayan ya bushe a shafa giris ɗin silikon, a riƙa rufe shi idan ba a jan tirela. Fil ɗin da aka tsaga tsakiyarsa yakan matse ya yi sako-sako, ana ɗan buɗa shi da bakin wuƙa. Maƙalan nan masu cizon waya ta cikin rigarta suna yanke silin tagulla, suna buɗe wa ruwa ƙofa, kuma su ne ke haddasa yawancin matsalar da ke zuwa tana tafiya. A cire su, a yanke wayar har inda tagullar ke sheƙi, domin baƙar tagulla ba ta kama dalma. A haɗa da maƙali mai matsewa ko da dalma, a rufe da robar da ke tsukewa da zafi, mai gam a ciki. Bayan kowane gyara a sake gwada fitilun da inji a kunne, fitilar baya tana ci, birki a matse, sigina tana kyaftawa, duka lokaci guda, domin raunanniyar mahaɗa takan ɗauki fitila ɗaya lafiya ta kasa ɗaukar huɗu.