Tsarin Shuke-shuken Gida Mai Tattalin Ruwa a Kano

Tsarin shuke-shuken gida mai tattalin ruwa hanya ce ta shirya tsakar gida da ƙofar gida yadda ruwan sama zai tsaya ya nitse a ƙasa maimakon ya bi kwata, tare da zaɓar tsirrai masu jure fari. Hukumar ruwan birnin Denba a Amurka ta yayata tsarin tun 1981, sai dai yawancin dabarunsa ba baƙi ba ne wurin masu lambu a ƙasar Hausa.

Yanayin Kano

Kano na samun ruwan sama kimanin milimita 800 a shekara, kusan dukansa daga Yuni zuwa Satumba, mafi yawa a Agusta. Sauran watannin hunturu ne da bazara, inda zafi kan haura digiri 40 a Afrilu. A ƙarƙashin garin akwai tsohon dutse mai tauri, ruwan ƙasa kuma yana maƙale ne a ruɓaɓɓen samansa da tsagoginsa. Shi ya sa rijiyoyi kan ja baya da rani. Ruwan famfo daga matatun Chalawa da Tamburawa bai wadatar da unguwanni da dama ba, sai a koma ga burtsatse da 'yan ga-ruwa.

A da, kududdufan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini su ke tare ruwan damina, ƙasa ta sha a hankali. An cike da yawansu an yi gini, gidaje kuma sun koma daɓen siminti daga zaure har ɗakin girki. Ruwa ya rasa wurin nitsewa, sai ya taru a lambatu ya nufi rafin Jakara, ya yi ambaliya a Agusta, a Afrilu kuma a saye shi da jarka.

Tara ruwan rufi

Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Ke nan rufin kwano mai murabba'in mita 100 kan zubar da kusan lita 80,000 a shekara, wato jarka 3,200 mai cin lita 25. Ba kowane gida ke iya ajiye wannan ba, amma ko tanki ɗaya a bakin indararo riba ce. Ana barin ruwan farko ya wanke ƙurar rufin, a kuma rufe tankin ruf saboda sauro. Abin da ya malala sai a karkata shi zuwa rami mai faɗi marar zurfi, cike da tsakuwa da yashi, nesa kaɗan da tushen gini, musamman ginin ƙasa.

Ƙasa da ban ruwa

Inda dole a yi daɓe, intalok da aka shimfiɗa kan yashi ya fi siminti, domin ruwa na ratsa tsakaninsa. Gindin shuka kuwa a yi masa kwari, a zuba takin gargajiya, a lulluɓe da ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa don laima ta daɗe. Akan kuma binne tulu har wuya kusa da shuka, a cika shi a rufe bakin. Ruwan na tsattsafowa ta jikinsa daidai wurin saiwa. Ban ruwa da asuba ko bayan la'asar ya fi, don da tsakar rana tururi ke cinye shi. Ruwan alwala da na wankin shinkafa ko ganye duk abincin shuka ne. Na omo da bilic dai yana ɓata ƙasa.

Abin shukawa

Zogale, lalle, magarya, kurna, aduwa da dabino suna jure rani da zarar sun kama ƙasa. Darbejiya, wadda asalinta daga yankin Indiya ne, tana ba da inuwa har cikin bazara, amma ba a dasa ta jikin katanga saboda saiwa. Itacen turare zuƙau ne wajen shan ruwa, bai dace da kusa da rijiya ba. Koriyar ciyawar ado da ake gani a manyan gidajen unguwar Nasarawa ita ce ta fi komai ci: sai an shayar da ita kusan kullum tsawon rani.

Kare ruwan ƙasa

Abin da aka zuba a tsakar gida yana iya ƙarewa a rijiya. Don haka ana rage maganin feshi da takin zamani, ba a zubar da baƙin mai ko ruwan rini a ƙasa. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya, abin da ke da wuyar samu a lungunan cikin ganuwa, inda masan maƙwabci kan kasance bayan katanga ɗaya kawai.