Ƙullin kemis da lafiyar hanta

Da zarar hunturu ya shigo Kano, mura ta kama gari, sai layi a kemis: "Malam, haɗa mini na mura da ciwon jiki." A ƙulla wa mutum ƙwayoyi a leda, ba suna, ba kwali. Ya je gida ya ƙara da Panadol biyu don kai ya lafa, da daddare a miƙo masa Procold. A ganinsa magunguna daban-daban ya sha, alhali farasitamol ne yake ta maimaitawa.

Iyakar babban mutum mai lafiya a awa 24 ita ce giram 4, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, a rarrabe, da tazarar aƙalla awa 4. Mai ƙaramin jiki, mai ciwon hanta na B, ko wanda ya kwana biyu bai ci abincin kirki ba, nasa ƙasa da haka ne. Hanta ce ke tace maganin, kuma in ya fi ƙarfinta sai wani dafi ya taru ya riƙa kashe ƙwayoyinta. Mugun abin shi ne ranar farko mutum na iya jin garau, sai bayan kwana biyu ko uku ɓarnar ta bayyana. Akwai makari a asibiti, amma ya fi aiki cikin awa 8 na farko. Yaron da ya kwankwaɗi sirof ɗin farasitamol, a kai shi nan take.

Ba farasitamol kaɗai ba ne. Augmentin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, kan taɓa hantar wasu, haka magungunan tarin fuka irin su isoniazid da pyrazinamide. Masu karɓa a Asibitin Zana su sani, rifampicin da ke cikin magungunan kan mayar da fitsari ja-ja, wannan ba komai ba ne. Amma ido ya yi rawaya, ga amai, ga ƙaiƙayi, ga ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama, a koma wurin likita a ranar.

Inda muka fi shan wahala mu ma'aikatan lafiya shi ne nan: ido na yin rawaya sai a ce shawara ce, a dosa jiƙo da sassaƙe. Hantar da magani ya galabaitar, an ƙara mata kayan da ba wanda ya san awonsu. Sai ciki ya kumbura ko mutum ya fara sambatu a kwaso shi zuwa asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano.

In za ku zo, ku taho da duk abin da aka sha, har ledar kemis da gorar jiƙon. Gwajin jini na aikin hanta shi zai nuna inda aka kwana.