Waiwaye: Yadda na'urar ƙara ji ta baro asibiti ta shiga kanti a Amurka

Tun ranar 17 ga Oktoba, 2022, duk wanda ya kai shekara 18 a Amurka, kuma ya lura kunnensa ya fara nauyi, yana iya shiga kantin magani ko ya hau intanet ya sayi na'urar ƙara ji, ba takardar likita, ba gwaji. Da kamfanin Apple ya samu izini a watan Satumbar 2024 na sa AirPods Pro 2, wato 'yar na'urarsa ta sauraro da ake maƙalawa a kunne, ta yi aikin wannan na'ura, sai gardamar ta ƙara zafi. Wasu na cewa an sauƙaƙa wa talaka, wasu na cewa an bar mutane su cuci kunnuwansu da hannunsu. Maganar ta iso har gidajenmu, domin 'yan'uwanmu mazauna can sukan bugo waya su ce, "Baba fa ba ya ji sosai, in sayo masa ta kanti ne, ko a kai shi asibiti?" Da yawa daga masu wannan muhawara suna ɗaukar abin kamar daga sama ya faɗo, alhali shekara 45 aka kwashe ana tafiya kafin a iso nan.

Farkon labarin ba ɓoyayye ba ne. Shirin inshorar lafiyar tsofaffi na Medicare da aka kafa a 1965 bai haɗa da kuɗin na'urar ji ba. A 1976 majalisa ta ba hukumar kula da abinci da magunguna, wato FDA, ikon sa ido kan kayan aikin lafiya. A 1977 aka kafa ƙa'idar cewa kafin a sayar wa mutum da na'urar, sai likita ya duba shi a cikin wata shida da suka gabata. Niyyar mai kyau ce. A zamanin an sha koke kan 'yan talla masu bi gida-gida suna ɗora wa tsofaffi na'urar da ba ta dace da su ba, wasu ma dattin kunne ne kawai ya toshe su.

Amma ƙa'idar ta zo da wata 'yar ƙofa. Babba mai shekara 18 yana iya sa hannu a takarda cewa ya ji, ya gani, ya yafe ganin likita. Wannan 'yar takarda ita ce jigon labarin, kuma ita ce ba a cika ambata ba.

A kwatanta dattijo zaune gaban tebur a shagon na'urar ji. An gama auna kunnensa, an nuna masa farashi, sai a turo masa takarda da biro. Zuwa wurin likita na nufin neman rana, da kuɗin mota, da wani kuɗin ganin likita, ga shi ya riga ya shafe shekaru yana jan ƙafa kafin ya yarda ya zo nan ɗin ma. Sai ya sa hannu. Haka yawancin manya suka riƙa yi shekara da shekaru. Takardar ta zama al'ada, ba ta tsare kowa daga komai ba, amma kasancewarta ta ci gaba da nuna cewa na'urar ji kayan asibiti ce da ba a samu sai ta hannun mai lasisi. Shi kuma farashin a dunƙule yake: kuɗin na'ura, da na gwaji, da na daidaitawa, da na dawowa duba, duk a ƙulli ɗaya, har kunne guda ya haura dala 2,000, kunnuwa biyu kuwa a ninka. Shi ya sa cikin manya kusan miliyan 30 masu raunin ji a Amurka, kusan ɗaya cikin biyar ne kawai na waɗanda na'urar za ta amfana suke sa ta.

A watan Oktoban 2015 kwamitin masana kimiyya masu ba shugaban ƙasa shawara ya ce a buɗe wani rukuni na na'urorin da za a saya kai tsaye. A watan Yunin 2016 kuma cibiyar masana kimiyya, injiniya da likitanci ta ƙasar ta fitar da dogon rahoto kan lafiyar ji ta manya. Can cikin rahoton aka faɗi maganar da ta juya komai: ba a ga shaidar cewa sharaɗin ganin likita ko sa hannun yafewa yana haifar da wani amfani na zahiri ga lafiyar manya ba. Cututtukan kunne masu haɗari ba su da yawa a cikin manyan da ke neman na'urar, kuma galibinsu suna zuwa da alamun da mutum zai iya lura da su.

Ranar 7 ga Disamba, 2016, FDA ta sanar cewa daga ranar ta daina tilasta wannan sharaɗi ga manya. Ba doka aka kafa ba, ba biki aka yi ba, kuma hankalin duniya na kan sauyin gwamnati da ke tafe. Amma a ganina a ranar aka yanke hukunci na ainihi. Nauyin gane cewa kunne na buƙatar likita ya tashi daga kan takarda ya koma kan mai kunnen. Duk abin da ya biyo baya gini ne a kan wannan tubali.

Kuma ya biyo da sauri a takarda, a hankali a aikace. Sanata Elizabeth Warren da Sanata Chuck Grassley, daga jam'iyyu biyu masu hamayya, suka kawo ƙudurin ba da damar sayar da na'urar a kanti, aka sa masa hannu a watan Agustan 2017. Annobar korona ta ratsa tsakani. Daftarin ƙa'idoji ya fito a Oktoban 2021, na ƙarshe a Agustan 2022.

Wanda ya fahimci 2016 zai gane dalilin da ya sa kwalin na'urar kanti ya cika da rubutun gargaɗi. Abin da likita zai tambaya a da, shi aka buga a jikin kwali. In kunne na zubar da ruwa, mugunya ko jini, in akwai ciwo ko jiri, in ji ya ɗauke farat ɗaya ko yana raguwa da sauri, in kunne ɗaya ya fi ɗaya mutuwa, ko ƙugi na tashi a ɓangare guda kawai, to a ajiye kwalin a nemi likita. Wanda jinsa ya ɗauke dare ɗaya ma bai kamata ya kwana biyu yana jira ba, domin maganin ya fi ci a kwanakin farko. An kuma taƙaita ƙarfin sautin na'urar kanti a desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 111, ko 117 ga na'urorin da ke rage ƙara da kansu, saboda an yi ta ne don rauni kaɗan zuwa matsakaici: mai cewa "me ka ce?" a taron suna, mai ƙure rediyo har maƙwabta su ji. Yaro ƙasa da shekara 18, da wanda ko a ɗaki shiru ba ya jin magana sai an ɗaga murya, nasu sai ta hannun ƙwararre, wanda zai auna kowane kunne daban, ya zura ɗan siririn bututu kusa da dodon kunne ya ga sautin da ke isa ciki da gaske.

Ga masu raunin da bai yi tsanani ba, bincike bai kunyata na'urar kanti ba. Wani gwaji da masana Jami'ar Pretoria suka wallafa a 2023 ya nuna cewa bayan mako shida, waɗanda suka daidaita na'urarsu ta wayar hannu sun samu sakamako kwatankwacin na waɗanda ƙwararre ya daidaita wa.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke ɗauko hukuncin Amurka mu ɗora a kan kunnuwanmu. Su sun cire sharaɗin ne a ƙasar da likita ke nan kusa idan alama ta bayyana, kuma mafi yawan masu sayen tsufa ne ya rage musu ji. Mu kuwa muna cikin yankin sanƙarau, wanda kan bar kurumta mai tsanani, ga kunne mai ruwa da mutum kan girma da shi tun yarinta ba a yi magani ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya nuna yawancin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su da ko likitan kunne ɗaya ga mutum miliyan guda. Na taɓa ganin wata gwaggona ta cusa na'urar da aka aiko mata a kunnen da ke tsiyayar ruwa, domin ba wanda ya karanta mata Turancin da ke jikin kwali. Kwana uku ta cire ta jefa a cikin kwalla, tana cewa ƙaiƙayi da ƙara sun dame ta.

Don haka idan ɗan'uwa ya bugo daga can yana tambaya, nakan ce kada ya tura komai tukuna. A fara kai Baba sashen kunne na asibitin koyarwa mafi kusa, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, a leƙa kunnen, a wanke in datti ne, a auna ji a ba shi takardar sakamako. In ta nuna raunin tsufa ne kaɗan ko matsakaici a kunnuwa biyu, ya sayo ta kanti mai caji, kuma a samu jika mai waya da zai zauna da Baba ya daidaita masa.