Farautar Sirdi da Kayan Hawan Bishiya Marasa Nauyi

Farautar sirdi hanya ce ta dakon namun daji daga kan bishiya, wadda ta yi ƙarfi a Amurka da Kanada, musamman a wajen masu farautar barewa mai farar wutsiya da kwari da baka. Maharbi yakan saka wani abin zama na yadi mai ƙarfi da ke riƙe ƙugu da cinyoyi, shi ne sirdin, ya ɗaure shi da igiya a jikin bishiya daidai tsawon goshinsa, ya ɗora ƙafafu a kan ɗan ƙaramin mataki, ya jingina baya a rataye yana fuskantar bishiyar. Akasari ana dako ne a tsawon mita 5 zuwa 7 daga ƙasa. A wannan tsayi barewa ba ta cika hango mutum ba, kuma iska takan ɗauke warinsa ta bi da shi ta samanta.

Asali

Tun da daɗewa maharban Arewacin Amurka suke hawa bishiya, amma da manyan kujerun ƙarfe da ake kafawa a bar su a wuri ɗaya, ko kujerar da mutum ke hawa bishiyar da ita, wadda nauyinta kan kai kilo 9 zuwa 14 kuma ba ta aiki sai a miƙaƙƙiyar bishiya marar rassa. Sirdi ya daɗe a kasuwa ba tare da ya sami karɓuwa ba. Wanda aka fi dangantawa da yaɗa shi shi ne John Eberhart, maharbi daga jihar Michigan, wanda ya fara amfani da shi a farkon shekarun 1980 a dazuzzukan da maharba suka yi wa yawa. Kamfanin Trophyline na cikin tsofaffin masu ɗinka shi, New Tribe na jihar Oregon, wanda asalinsa mai yin kayan masu hawan bishiya ne, ya fitar da sirdi mai suna Aero Hunter, sannan kamfanin Tethrd ya shigo a 2018, lokacin da abin ya fara bazuwa sosai.

Dalilin bazuwar yana da alaƙa da filayen gwamnati. A Amurka akwai dazuzzuka masu faɗi da kowa mai lasisi zai iya shiga ya yi farauta, kuma barewar irin waɗannan wurare ta san mutum. Tana guje wa bakin hanya da wuraren ajiye mota, ta shige fadama da sarƙaƙiya. Wanda ke son ya riske ta sai ya yi tafiyar kilomita ɗaya ko biyu a ƙasa tun kafin asuba, da kayansa a baya, kuma ya riƙa canza bishiya gwargwadon inda iska ta juya. Duk neman rage nauyin kaya daga nan ya samo tushe.

Sirdi da igiyoyinsa

Sirdin kansa bai cika wuce kilo ɗaya ba, wasu ma rabin kilo ne. A gabansa akwai gajeriyar igiya da ta haɗa kunnuwansa biyu, ana ce mata gada. A jikin gadar ake maƙala karabina, wato ƙugiyar alminiyom mai kulle irin ta masu hawan dutse, kuma da yake ƙugiyar na zamewa a kan gadar, maharbi yana iya juya ƙugunsa dama ko hagu ya yi harbi.

Igiyoyi biyu ne ginshiƙin aikin. Ta farko igiyar ƙugu ce, wadda ake zagayawa bayan bishiya a maƙala bakinta biyu a gefen sirdi, don mutum ya saki hannuwansa ya yi aiki yayin hawa. Dabarar ɗaya ce da ta masu hawan kwakwar manja a kudancin Nijeriya, waɗanda ke jingina da zoben igiya suna tura ƙafa. Ta biyu igiyar rataya ce, wadda ake yi wa zarge a jikin bishiya in an kai sama, ita ce ke ɗauke da nauyin mutum tsawon zaman dako. Kaurinsu yakan kama daga milimita 8 zuwa 11, kuma iri ne marar talewa.

Ana ƙara ko rage tsawon igiya da ƙulli mai kamawa. Mafi shahara shi ne wanda ɗan ƙasar Ostiriya mai hawan duwatsu, Karl Prusik, ya bayyana a 1931: siririyar igiya ce ake naɗawa a jikin mai kauri, in an ɗora mata nauyi ta cije, in an sassauta ta zame. Aibinta shi ne bayan ta cije sai an sa hannu biyu kafin ta saki. Shi ya sa da yawa suka koma ƙananan na'urori kamar Ropeman 1 na kamfanin Wild Country ko Kong Duck, da ake ja da hannu ɗaya. Su kuma waɗannan suna da haƙora ko makama mai matse igiya, kuma ba a ƙera su don tare faɗuwa mai ƙarfi ba. Karabina mai kyau tana ɗauke da tambarin ƙarfinta, yawanci kilonyutan 20 ko fiye a tsaye, kwatankwacin nauyin tan biyu.

Sandunan hawa

Hanyar da aka fi bi ita ce sandunan hawa. Kowace sanda tsawonta santimita 45 zuwa 80 ne, tana da matakala biyu ko uku da haƙoran da ke cizon ɓawon itace, ana ɗaure ta da maɗauri ko igiya. Mutum ya ɗaura ta farko yana ƙasa, ya hau, ya ɗaura ta biyu, haka har uku ko huɗu. Tsofaffin sanduna irin na kamfanin Lone Wolf sun ɗan haura kilo ɗaya kowace, sababbi na titaniyom ko zaren kabon kuwa sun sauko kusan rabin kilo, sai dai kuɗinsu ya ninka.

Don a rage yawan sanduna, ana rataya wa kowace sanda likkafa ta igiya ko ta maɗauri mai taki ɗaya zuwa uku. Likkafa ba ta da nauyi, amma tana lilo. In mai hawa bai danna yatsun ƙafarsa a jikin bishiya ba, sai ƙafar ta zame gefe, kuma saukowa cikin duhu ana lalubar likkafa da ƙafa na cikin wuraren da aka fi samun haɗari. Akan maye gurbin maɗauri mai bakin ƙarfe da igiyar AmSteel ta kamfanin Samson, wadda aka saƙa da zaren Dyneema. Tana da ƙarfi ƙwarai ga rashin nauyi, amma tana da santsi kuma tana narkewa a zafin kusan digiri 150 na ma'aunin Salshiyos ba, don haka ba ta dace da duk inda igiya za ta goge da sauri ba.

Hawa da sanda ɗaya

Wannan ita ce hanyar da masu son kaya kaɗan suka fi zuzutawa, kuma ita ce ta fi buƙatar horo. Maharbi yana zuwa da sanda guda mai likkafa da doguwar igiya ta mita 10 zuwa 12. Ya ɗaura sandar iya inda hannunsa ya kai, ya hau ta likkafa har samanta, ya tura zargen igiyarsa sama, ya zauna a sirdi a rataye. Daga nan sai ya sunkuya ya kwance sandar da ke ƙasansa, ya ɗago ta ya sake ɗaurawa a sama, ya kuma takawa. Kowane zagaye yana ba shi kusan mita biyu, cikin uku ko huɗu ya isa. Wasu sandunan an yi musu faffaɗan kai, ta yadda sandar ce kuma matakin tsayuwa.

Saukowa ba ta bin hanyar hawa. Ana sulalowa ne ta doguwar igiyar da na'urar birki irin Mad Rock Safeguard ko ƙarfe mai siffar lamba takwas tare da ƙulli mai kamawa, a cire sandar a hanya, in an dira a jawo zargen da wata siririyar igiya da aka maƙala masa tun a sama. Masu wannan hanya na cewa sulalowa ta fi saukowa ta matakala aminci, kuma akwai gaskiya a ciki, tunda mutum na rataye tun daga sama har ƙasa.

Matsalar tana wajen hawa. Yayin da mutum ke taka likkafa, jikinsa na ɗagawa amma zargen na nan inda yake, sai igiya ta yi sako-sako. In ƙafa ta zame a wannan lokaci, zai faɗo mita ɗaya ko fiye a kan igiyar da ba ta talewa, kuma fizgar da za ta same shi a ƙugu da baya na iya yi masa mummunan rauni ko da igiyar ba ta tsinke ba. Maganin shi ne a riƙa janye rarar igiya a kowane taki, a tura zarge sama akai-akai, a kuma haɗa da igiyar ƙugu. Wannan yana cin lokaci, kuma shi ne abin da mai gaggawa ya fi tsallakewa. Kilo biyu ko uku da aka rage daga nauyin kaya, da ƙwarewa ake biyansu.

Hawa ta igiya zalla

Daga masu gyaran bishiya aka aro wannan. Ana jefa ƙaramar jaka mai nauyin giram 250 zuwa 400 da siririn zare ta saman reshe mai ƙarfi, a jawo babbar igiya ta biyo, sannan a hau igiyar da madaukin ƙafa da na'urar kamawa ko ƙulli mai kamawa. Kafin ƙafa ta bar ƙasa mutum ya riga ya ratayu. Sai dai hanyar tana buƙatar reshe a inda ake so, kuma jifa cikin duhu aiki ne mai ban haushi, shi ya sa masu ita kan bar siririn zare a bishiyoyin da suka zaɓa tun kafin lokacin farauta, inda doka ta yarda. Akwai kuma hawa da zarge biyu, ɗaya na ƙugu ɗaya na ƙafa, ana tura su bi da bi. Kayansa na shiga aljihu, amma yana da jinkiri da gajiyarwa.

Matakala masu sukurori da ake murɗawa cikin itace, da ƙusoshin da ake huda musu rami, da ƙaimin ƙafa irin na masu hawan turakun lantarki, duk suna da sauri da sauƙin ɗauka. Amma suna raunata bishiya, kuma jihohi da yawa, ciki har da Michigan, sun hana kafa abin da ke huda ɓawon itace a filin gwamnati.

Matakin tsayuwa da ƙara

Matakin tsayuwa faranti ne na alminiyom mai faɗin kusan santimita 30 da nauyin kilo ɗaya zuwa biyu. Wasu sun fi son zoben ƙananan matakala da ke kewaye bishiya, wanda ke ba su damar zagayawa su ɓuya a bayan gangar jikinta in barewa ta tunkaro. Harbi ta ɓangaren hannun da ke riƙe baka yana da sauƙi. Ta ɗaya ɓangaren kuwa sai an ɗaga bakan ta saman gada ko a juya jiki duka, kuma sai an yi ta gwaji. Da yake gwiwa na jingina da itace na sa'o'i, ana saka mata matashi.

Ƙara ta fi nauyin kaya ɓata farauta. Ƙarfe ya taɓa ƙarfe sau ɗaya a safiyar sanyi ta watan Nuwamba, lokacin barbarar barewa a jihohin Amurka na arewa, ya isa ya kori dabbar da ke kwance kusa. Don haka ake naɗe sanduna da ƙugiyoyi da tef mai laushi.

Haɗari

Binciken da aka yi kan faɗuwar maharba ya nuna yawancinta na faruwa ne wajen hawa, sauka, ko ƙetarawa daga matakala zuwa wurin zama, kuma ga waɗanda ba su ɗaure da bishiya ba a lokacin. Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce kada a kwance igiya ɗaya sai an ɗaura wata an ɗora mata nauyi, musamman wajen tsallake reshe. Wanda ya zame ya rasa wurin taka ƙafa kuma yana cikin wani haɗarin, domin doguwar rataya ba motsi na tara jini a ƙafafu har mutum ya suma. Saboda haka ake ajiye madaukin ƙafa a aljihun sirdi, kuma ake shawartar sabon shiga ya fara gwaji a tsayin mita ɗaya da rana.

Bishiyar ma sai an duba ta. Tun da aka gano wani koren ƙwaro mai huda itace a kusa da birnin Detroit a 2002, miliyoyin bishiyoyin da ake kira ash da Turanci sun mutu a tsaye a gabashi da tsakiyar Amurka. Itacensu yana saurin yin gautsi, rassa na karyewa ba zato, kuma a ƙarshen kaka, bayan ganye ya zube, matacciya da rayayya kan yi kama a hasken tocila. Maharba kan duba ɓawon da ke ɓamɓarewa da ramukan da tsuntsaye masu saran itace suka bari kafin su ɗaura sanda.