Kashi 96 da ke kan allon caca ba alkawari ba ne

Iyaye da 'yan'uwa mutanen Kaduna, cacar da muka sani a da sai an shiga lungu an baje karta. Ta yanzu tana cikin wayar da ke hannun yaronka, ko a Rigasa yake ko a Kawo, yana zaune a teburin mai shayi ba wanda ya san abin da yake yi. Wadda ta fi tayar min da hankali a matsayina na ma'aikacin lafiya ita ce ta hotuna masu juyawa: a danna, lemo da ƙararrawa da lamba 7 su yi ta gudu, kafin ƙiftawar ido an ci ko an cinye ka.

Matasa da dama kan ce ai su da lissafi suke yi, tunda manhajar ta rubuta RTP 96%. To, ga abin da wannan lamba ke nufi. Idan aka haɗa kuɗin da dukkan 'yan wasa suka zuba cikin miliyoyin juyi, naira 96 a kowace 100 ake mayarwa, naira 4 ta masu gidan caca ce. Ba a ce kai da ka sa 5,000 za ka tashi da 4,800 ba. Kuma wannan naira 4 daga kowane juyi ake cire ta, har da kuɗin da ka ci ka sake mayarwa, kamar mai juye gero daga kwano zuwa kwano, kowane juyi sai wani abu ya zube. A ce naira 100 kake sawa duk bayan daƙiƙa 6. A awa ɗaya ka yi juyi 600, ka juya naira 60,000, asararka a lissafi ta kai 2,400. Awa biyu, dubu biyar ɗin nan ta kusa ƙarewa.

Sai matakin haɗari da ake rubuta wa kowane wasa. Mai ƙaramin haɗari yana yawan ba da 'yan kuɗi kaɗan kaɗan, mutum ya daɗe a zaune, aljihunsa na ƙarewa a hankali. Mai babban haɗari kan yi shiru na dogon lokaci, can ba a rasa ba wani ya ci mai yawa, a yi ta yawo da hoton alat ɗinsa a WhatsApp. Waɗanda aka tara kuɗinsu aka biya shi, ba wanda ke nuna nasu. Duk wanda ka zaɓa, kason masu gida na nan daram.

Maganar da 'yan wasa ke yi cewa "ta kusa fashewa", wato wasan ya kusa ba da babban ci, kuwa ba ta da tushe. Kwamfuta ce ke fitar da sakamakon kowane juyi kai tsaye, ba ta tuna abin da ka rasa jiya, ba ta kuma jin kana bin ta bashi. Ku lura da wata dabara ma: ka sa 100, a dawo maka da 40, allo ya yi walƙiya da kiɗan murna, alhali 60 ka rasa. A 2021 hukumar kula da caca ta Birtaniya ta hana irin wannan kiɗa, ta hana juyi mai tafiya da kansa, ta ce kada juyi ya gaza daƙiƙa 2.5. Da saurin ba ya cutarwa, da ba a sa masa doka ba.

Mun san hukuncin caca a Suratul Ma'ida, aya ta 90. Amma wanda ta riga ta kama yana buƙatar kulawa bayan nasiha, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da caca cikin jerin cututtuka. A sa ido kan rashin barci, saurin fushi idan an taɓa waya, yawan zuwa wurin mai POS, cin kuɗin adashe ko jarin shago, karɓar bashi a manhajojin rance, da komawa don a fanshe abin da aka rasa. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi jefa mutane cikin rami.

Idan kun ga haka, duka da tonon silili ba sa magani, ɓoyewa kawai suke ƙarawa. A zauna da shi cikin sirri, a goge manhajar, wani amintacce ya riƙe masa katin banki na ɗan lokaci, a rubuta basukan da ake bin sa. Sannan a raka shi asibitin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa ya ga likita. In har ya fara cewa gara mutuwa da wannan kunya, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi a ranar.