Kafin ka taya matokarin mota a gwanjon intanet

'Yan'uwa masu gyaran mota, da masu taɓa nasu gyaran a gida ranar hutu, akwai wani rauni da mu ma'aikatan lafiya muke matuƙar tsoro. Idan mota ta sauko a kan ƙirjin mutum, sau da yawa ba jini ake gani ba. Nauyin ne ke hana haƙarƙari buɗewa, mutum ya kasa jan numfashi, ya kasa ko kiran wanda ke kusa da shi. Ƙwaƙwalwa kuwa tana fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 idan iska ta yanke mata. Ƙaramar mota ma takan kai kusan tan ɗaya ko fiye.

Jak ɗaga mota yake yi. A irin jak ɗin da ke aiki da mai, abin da ke riƙe da nauyin a cikinsa mai ne da 'yar roba, kuma roba tana tsufa. Shi ya sa ake sa matokari, ƙarfen nan mai ƙafafu uku ko huɗu da ake zaunar da mota a kansa kafin a shiga ƙarƙashi. Yanzu mutane da yawa a gwanjon intanet suke sayensa, a eBay da makamantansa, saboda sauƙin kuɗi. Ban ce kada a saya ba. Amma sayen kifi a ruwa ne, tunda ba ka taɓa ƙarfen ba, ba ka jijjiga shi ba, kuma ba ka san hannun da ya fito ba.

Abu na farko da za ka nema shi ne tambarin da ke manne a jikinsa: sunan kamfani, lambar samfuri, da nauyin da aka ce yana ɗauka. Ka nemi mai kayan ya ɗauko hotonsa kusa-kusa yadda za ka karanta. Ga dalili. A shekarar 2020 kamfanin Harbor Freight na Amurka ya janye matokarai masu suna Pittsburgh, na tan 3 da na tan 6, kimanin miliyan 1.7. Lambobinsu 56371 da 61196 da 61197. Injin da ke fitar da haƙoran sandar tsakiya, wadda ake ja sama don daidaita tsayin matokarin, shi ne ya cinye, haƙoran suka daina fita daidai, sai harshen da ke kama su ya riƙa kamawa sama-sama. Mota na ɗan motsawa, harshen ya zame, sandar ta nutse gaba ɗaya. A watan Yuli na wannan shekarar kuma aka sake janye wasu daga cikin waɗanda aka bayar a madadinsu, masu lamba 56373, saboda matsalar walda. Kamfanin ya yi kira a mayar, amma ba kowa ne ya ji kiran ba. Irin waɗannan suna nan jibge a garejin mutane, kuma ranar da aka tashi kwashe kayan gareji, gwanjo ake kai su, wani lokaci mai sayarwar ma bai san komai ba. Hukumar NHTSA mai kula da lafiyar ababen hawa a Amurka tana ajiye sanarwar janye kaya a shafinta, ana iya dubawa. Idan tambarin ya goge ko an ɓare shi, ka haƙura da kayan, komai kyansa a hoto.

Lambar nauyin ma tana ruɗin mutane. Matokarai da yawa, musamman na kasuwar Amurka, nauyin da aka rubuta na guda biyu ne tare. Wanda aka rubuta wa tan 3, kowane ɗaya tan ɗaya da rabi ke nan. Tan ɗin Amurka kuma kilo 907 ne, bai kai 1,000 ba. Ka duba nauyin motarka a littafinta, ka sayi wanda ya zarce shi da tazara mai kyau. In ka ga an rubuta ASME PASE, ma'aunin ƙungiyar injiniyoyin Amurka ne na irin waɗannan kaya, kuma alama ce mai kyau, sai dai rubutu kowa na iya bugawa, don haka ka gwada shi da abin da kamfanin ya wallafa game da wannan lambar.

Sai hotuna. Hoton da aka kwafo daga tallar kamfani ba ya gaya maka komai game da wanda za a aiko maka. Ka ce a kifa shi a ɗauko ƙarƙashin ƙafafun, nan ne ruwa ke kwanciya tsatsa ta ci daga ciki. A zaro sandar har ƙarshe a nuna haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Lafiyayyen haƙori yana da kaifin baki, wanda ya sha wuya bakinsa ya dakushe yana ƙyalli. A nuna kowace walda. Ni sabon fenti a kan tsohon ƙarfe yana tayar min da hankali fiye da tsatsar da ake gani, domin fenti yana rufe tsaga. Waldar da ta fita daban da sauran, mai kauri da tudu-tudu, tana nufin ya taɓa karyewa an gyara, kuma matokari ba abin gyara ba ne. Haka wanda aka sa masa noti ko guntun rodi a gurbin sandar kullensa ta asali. In da zaɓi, ka ɗauki wanda ke da harshe da kuma sandar kulle da ake zurawa a rami, ko ɗaya ya saki ɗaya na nan.

Ka sayi biyu iri ɗaya, kamfani ɗaya, tsayi ɗaya. Ka karanta abin da masu saye na baya suka faɗa a kan mai kayan, ka tabbata ana karɓar kaya in an mayar, ka biya ta cikin shafin. Wanda ya ce ku koma gefe ku ƙarasa ciniki, yana raba ka ne da kariyar da shafin ke bayarwa. Kuma ka yanke iyakar tayinka tun da wuri, ka haɗa da kuɗin aiko shi, don ƙarfe ne mai nauyi. Minti na ƙarshe a gwanjo yana sa mutum ya manta tambayoyin da bai samu amsarsu ba.

Ranar da kayan suka iso, kada ka shiga ƙarƙashi tukuna. Ka ajiye su a daɓen siminti ka ga ko ƙafafun duk sun taɓa ƙasa. Ka ja sandar sama kana sauraren harshen yana faɗawa kowane haƙori. Sannan ka ja birkin hannu, ka sa waigi a tayoyin da ke ƙasa, ka zaunar da motar a wuraren da littafinta ya nuna, ka tsaya daga gefe ka girgiza ta sosai. Tayar da ka cire, tura ta kwance ƙarƙashin motar. A kan yashi ko kwalta mai laushin zafi ƙafafun suna nutsewa, bulon siminti kuma yana rugujewa ba sanarwa, kada ka ɗora a kansa. Ka bar wani a kusa wanda ya iya ɗaga jak.

In kuwa tsautsayi ya faru, a kira agajin gaggawa nan take, a ɗaga motar da jak a tokare ta, kada a finciko mutum. Ko ya miƙe yana cewa lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti, domin zubar jini a ciki da illar ƙoda daga naman da motar ta danne suna iya bayyana bayan sa'o'i.